Kujera Ɗaya Cikin 125: Zaɓen Cike Gurbi na Jean-Talon da Kokawar Jam'iyyun Lardin Kebek



 Batun da aka ɗora mini yana da faɗi: zaɓen cike gurbi da gasar jam'iyyun yanki. In na ce zan zagaye shi duka, za mu tashi ba mu riƙe komai ba. Don haka na ɗauki wuri ɗaya, lardin Kebek na ƙasar Kanada, na kuma ɗauki rana ɗaya, Litinin 2 ga Oktoba 2023, ranar da mutanen wata mazaɓa mai suna Jean-Talon suka fita cike gurbin kujerarsu a majalisar dokokin lardin.

Kujerun majalisar 125 ne, jam'iyya mai mulki kuwa ta ci 90 a babban zaɓen da aka yi shekara guda kafin nan. Ko ta ci wannan kujera ko ta faɗi, babu dokar da za ta gagare ta zartarwa, babu ministan da zai rasa ofishinsa. Amma washegarin zaɓen, Firimiyan lardin ya fito gaban 'yan jarida ya tono wani babban aiki da gwamnatinsa ta binne da hannunta wata shida da suka wuce. Kafin shekarar ta ƙare, jam'iyyar da ta shiga zaɓen da kujeru uku kacal ita ce a gaba a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a. Abin da nake so mu duba shi ne yadda kujera ɗaya ta yi wannan aiki, da kuma yadda wanda ya ci da wanda ya faɗi, a ganina, duk suka yi wa saƙon masu zaɓe gurguwar fahimta.

Bari mu san wurin tukuna. Kanada tana da larduna goma, kowanne da majalisarsa da firimiyansa, kuma ilimi da kiwon lafiya da yawancin hanyoyi a hannun lardi suke. Kebek ya fi Jamhuriyar Nijar faɗin ƙasa, mutanensa wajen miliyan 9 ne, kuma shi kaɗai ne lardin da mafi yawan jama'arsa Faransanci suke yi a gida, alhali Ingilishi ya kewaye su ta kowace kusurwa. Wannan ne ya sa 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suka fi mu sanin wurin, domin can da yawansu ke zuwa karatu. Tsoron da mutanen Kebek ke yi kada harshensu ya narke cikin na maƙwabta shi ne gishirin siyasarsu tun shekarun 1960.

Abin da zai ba ɗan Nijeriya mamaki shi ne jam'iyyun da ke takara a lardin na lardin ne kawai. Ba sa tsayar da kowa a wani lardi, ba sa neman kujerar tarayya da ke Ottawa. Ko jam'iyyar Liberal ta Kebek, da take da suna ɗaya da ta tarayya, ba reshenta ba ce. Kowacce da shugabanta da asusunta. Mu ma mun taɓa zama a irin wannan gida. A Jamhuriya ta Farko, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, sunanta ma ya faɗi iyakarta, Action Group tana Yamma, NCNC ƙarfinta yana Gabas, NEPU ta Malam Aminu Kano kuma tana fafatawa da NPC a kan mutanen Arewa ɗin dai. Bayan yaƙin basasa aka ga cewa wannan tsari yana cikin abin da ya kai mu ga wuta, sai tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, suka toshe ƙofar: dole hedikwatar jam'iyya ta kasance a babban birnin tarayya, dole shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi, ba a yarda sunanta ko tambarinta ya nuna ƙabila ko yanki ba. Duk da haka APGA ta daɗe tana riƙe da Anambra, NNPP ta ci Kano a 2023, kowa kuma ya san iyakar inda ƙafarsu take. A Kebek abin da muke yi a ɓoye su a fili suke yinsa, shi ya sa ya fi sauƙin nazari.

Daga 1970 zuwa 2018 jam'iyyu biyu ne suke karɓa-karɓa. Akwai Liberal, masu cewa a zauna cikin Kanada. Akwai Parti Québécois, da za mu riƙa kira PQ, wadda René Lévesque ya kafa a 1968 don lardin ya ɓalle ya zama ƙasa. PQ ta hau mulki a 1976, ta kafa dokar kare Faransanci a 1977, ta kira zaɓen raba gardama sau biyu. A 1980 masu cewa a'a sun samu kusan kashi 60. A ranar 30 ga Oktoba 1995 kuwa sun samu kashi 50.58, masu cewa e suka samu 49.42, tazarar ƙuri'a wajen dubu 54 a zaɓen da fiye da kashi 93 na masu rajista suka fito. Ƙasa ta kusa rabewa a kan ƙuri'un da ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ba.

Bayan wannan sai gajiya ta kama mutane. François Legault, attajirin da yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jiragen sama na Air Transat, kuma tsohon minista a gwamnatin PQ, shi ya karanci gajiyar nan. A 2011 ya kafa Coalition Avenir Québec, wato CAQ, da magana mai sauƙi: za mu kare harshenmu da al'adunmu, za mu matsa wa Ottawa ta ƙara mana iko, amma ba za mu kira zaɓen raba gardama ba. A 2018 ya ci kujeru 74. Yawancin mutanen da ya kwasa kuwa daga gidan da ya baro ya kwaso su, wato masu Faransanci na garuruwan da ke wajen birnin Montreal. Ku riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan laccar. CAQ da PQ 'yan uba ne da ke rigima a kan gado ɗaya. Duk abin da ya shiga hannun ɗaya, daga rabon ɗayan ya fita.

Sauran manyan jam'iyyu biyu su ne Québec solidaire, jam'iyyar 'yan ra'ayin gurguzu da aka kafa a 2006, wadda ita ma take son ɓallewa amma ƙarfinta yana unguwannin ɗalibai da matasan birni, sai jam'iyyar Conservative ta lardin, wadda wani tsohon mai gabatar da shiri a rediyo, Éric Duhaime, ya farfaɗo da ita da fushin da mutane suka yi kan dokokin kulle na zamanin korona, lokacin da Kebek ya hana fita daga ƙarfe 8 na dare.

Yanzu ku saurari alƙaluman babban zaɓen 3 ga Oktoba 2022, don su kaɗai sun isa lacca. CAQ ta samu kashi 41 na ƙuri'u, kujeru 90. Québec solidaire kashi 15.4, kujeru 11. PQ kashi 14.6, kujeru 3. Liberal kashi 14.4, kujeru 21. Conservative kashi 12.9, fiye da ƙuri'a dubu 500, ba kujera ko ɗaya. PQ ta fi Liberal yawan ƙuri'u amma Liberal ta ninka ta kujeru sau bakwai, saboda ƙuri'un Liberal a tattare suke a yammacin Montreal inda masu Ingilishi da baƙi suka fi yawa, na PQ kuwa a warwatse suke ko'ina. Tsarin zaɓensu irin namu ne na majalisa, wanda muka gada daga Ingila: wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa ya kwashe duka, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Legault ya sa hannu a 2018, yana ɗan adawa, cewa zai canza tsarin. Da tsarin ya ba shi mulki sai aka gabatar da ƙudurin dokar a 2019, aka bar shi ya mutu a kan tebur. Wannan hali ba sai na yi muku sharhinsa ba.

To ga yanayin: mutum shida cikin goma ba su zaɓi gwamnati ba, amma sun rabu gida huɗu kusan daidai wa daida. Muddin suna haka, CAQ za ta yi ta cin zaɓe ko da jama'a sun gaji da ita. Mai jin haushin gwamnati ya san wanda ba ya so. Abin da bai sani ba shi ne ina sauran masu jin haushi irinsa za su kai ƙuri'arsu, don kada tasa ta tafi a banza. A nan zaɓen cike gurbi yake shigowa. A babban zaɓe hankalin jama'a yana rarrabe a mazaɓu 125. A na cike gurbi duk 'yan jaridar lardin da duk shugabannin jam'iyyu suna wuri ɗaya, kuma duk wanda ya fito a gaba a cikin 'yan adawan nan huɗu, an nuna wa lardin gaba ɗaya ƙofar da za a bi.

Mazaɓar Jean-Talon tana birnin Kebek, hedikwatar lardin. Ta ƙunshi Sillery, unguwar masu hali, da wani yanki na Sainte-Foy, da Jami'ar Laval. Ma'aikatan gwamnati, malaman jami'a, lauyoyi, 'yan fansho da ɗalibai su ne jama'arta. Tun da aka ƙirƙire ta a tsakiyar shekarun 1960 Liberal ce ke cin ta, fiye da shekara hamsin, har sai Disamba 2019 da Joëlle Boutin ta CAQ ta ƙwace ta, ita ma a zaɓen cike gurbi. PQ ba ta taɓa cin ta ba, ko a zamanin da take ganiyarta. A 2022 ta uku ta zo, da ƙasa da kashi 20. Da Boutin ta ajiye kujerar a watan Yuli 2023 ta koma harkar kamfani, ba a lissafa wurin cikin gonakin PQ.

Sai dai akwai maganar gada. Kogin Saint-Laurent ya raba birnin Kebek da garin Lévis da ke tsallake. Gadoji biyu ne suka haɗa su, tsohuwa ta 1917 da sabuwa ta 1970, kuma su biyun suna manne da juna a yammacin gari, sai jirgin fito a tsakiya. Mutanen tsallake sun daɗe suna neman mahaɗa ta uku, gidajen rediyon birnin kuma sun mai da abin waƙar kullum. CAQ ta yi alƙawarinta a 2018, ta sake yi a 2022. A 2021 ta nuna taswirar hanyar mota ta ƙarƙashin kogi mai tsawon fiye da kilomita 8, wadda aka ce kuɗinta zai iya kai dalar Kanada biliyan 10. Masana sufuri sun yi ta tambayar ina binciken da ya nuna ana bukatarta, gwamnati ta yi ta cewa yana nan tafe. Wani ministanta, Éric Caire, har ya taɓa cewa ya sa kujerarsa jingina a kan aikin. Da wannan alƙawari CAQ ta kwashe kusan duk kujerun yankin.

A watan Afrilu 2023, wata shida bayan zaɓe, ministar sufuri Geneviève Guilbault ta fito ta ce an fasa hanyar motoci, sai dai ta safarar jama'a, wai alƙaluman zirga-zirga bayan korona ba su nuna bukata ba. Ministan ilimi, Bernard Drainville, wanda ke wakiltar Lévis, ya tsaya gaban kyamara yana neman gafarar mutanensa hawaye na cika masa ido. Caire bai sauka ba. Wata biyu bayan haka, a watan Yuni, majalisar ta ƙara wa mambobinta albashi da kusan dala dubu 30 a shekara, wato kashi 30 cikin ɗari, daidai lokacin da gwamnati ke ja-in-ja da malaman makaranta da ma'aikatan jinya a kan ƙarin da bai kama ƙafar wannan ba.

PQ ta tsayar da lauya Pascal Paradis, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa reshen Kanada na ƙungiyar lauyoyin da ba su da iyaka. Tun kafin kamfe ya yi zafi sai jarida ta fasa ƙwai cewa ya taɓa zama da manyan CAQ kafin zaɓen 2022 a kan yiwuwar ya yi musu takara. CAQ ta ce kujerar minista ya nema aka hana shi, shi kuma ya ce su suka neme shi ya ƙi. Kowa da nasa labarin, ni kuma ba alƙalancin wannan ya kawo ni ba. Abin lura shi ne mutum ɗaya ya dace da rigar jam'iyyun biyu ba tare da an rage ko an ƙara ba. CAQ ta saki maganar don ta ɓata shi, amma mai zaɓen da ya saba ba CAQ ƙuri'a abin da ya ji shi ne: ashe wannan namu ne, ba abin tsoro ba ne.

Sakamako ya fito: Paradis kashi 44, 'yar takarar CAQ, Marie-Anik Shoiry, wajen rabin haka, Québec solidaire ta uku, Liberal da ta riƙe wurin shekara hamsin ta kasa kai kashi 10. Fiye da rabin masu rajista sun fito, abin da ba a cika gani ba a zaɓen cike gurbi.

Ga inda nake ganin Legault ya yi kuskure. Washegari, 3 ga Oktoba, ya ce ya ji saƙon, zai koma ya tuntuɓi mutanen yankin a kan mahaɗa ta uku, kuma babu abin da aka cire daga lissafi. Ministocinsa kansu a bakin 'yan jarida suka ji. Amma ku dubi wanda ya kayar da shi. Jean-Talon tana gefen birni, dab da gadojin da ake da su. Mutanenta ba su ne ke kwana a cunkoson tsallake ba, kuma da yawansu ba su taɓa son aikin ba. PQ da suka zaɓa ba ta yi musu alƙawarin hanyar mota ta ƙarƙashin kogi ba. Jam'iyyar da ta fi kowa ɗaga murya a kan a gina ta, wato Conservative, ita ce ta zo can ƙasa. Da ramin ƙarƙashin kogin suke nema, ai sun san inda za su kai ƙuri'arsu. Abin da ya ɓata musu rai shi ne a riƙe alƙawari har a ci zaɓe da shi, sannan a jefar bayan wata shida a ce alƙaluma ne suka canza. Mutum yana iya ƙin aiki, ya kuma ƙi a raina masa hankali a kansa. Da Legault ya juya cikin kwana ɗaya, sai ya tabbatar da zargin da ake yi masa: a watan Afrilu an ce ilimi ne ya hana, a watan Oktoba ƙuri'a ta sa ilimin ya kauce. A watan Yuni 2024 hukumar da gwamnati ta ba aikin nazari ta ce zirga-zirgar yankin ba ta kai a gina hanyar ba, gwamnati ta ce za ta gina duk da haka, wannan karon da hujjar tsaron tattalin arziki, wai in gadar 1970 ta samu matsala manyan motoci ba su da mafita.

Wani abin da zai ba ku dariya: ranar 2 ga Oktoba 2017, shekara shida cif kafin wannan, an yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Louis-Hébert, maƙwabciyar Jean-Talon. Wata matashiya ta CAQ ta ƙwace kujerar daga hannun Liberal mai mulki da fiye da rabin ƙuri'u, aka ce iska ta juya, bayan shekara guda kuma Legault ya zama Firimiya. Matashiyar nan ita ce Geneviève Guilbault. Saboda haka CAQ ta fi kowa sanin abin da irin wannan dare yake nufi, shi ya sa ta firgita.

Abin da ya biyo baya ya nuna ƙofar ta buɗe. A watan Satumba 2024 Pierre Fitzgibbon, babban ministan tattalin arziki da makamashi, ya yi murabus. Shi ne ya jawo kamfanin batir na Northvolt daga Suwidin, lardin ya zuba masa ɗaruruwan miliyoyin daloli, kamfanin kuma ya durƙushe a ƙasarsa a watan Maris 2025, kwanaki kaɗan kafin a cike gurbin ministan a Terrebonne ranar 17 ga wata. Catherine Gentilcore ta PQ ta ci da fiye da rabin ƙuri'u. Wannan bai ba kowa mamaki ba, don Terrebonne tsohon gidan PQ ne.

Wanda ya fi ma'ana shi ne na Arthabaska, ranar 11 ga Agusta 2025. Yankin manoma ne da masu kiwon shanun madara da ƙananan masana'antu, kewayen garin Victoriaville, inda ra'ayin 'yan mazan jiya yake da kasuwa. Éric Duhaime da kansa ya tsaya, yana neman ƙofar shiga majalisa. Akwai wata tsohuwar al'ada a can ta ɗaga wa shugaban jam'iyya ƙafa idan yana neman kujera ta hanyar cike gurbi. A 2013 PQ da CAQ ba su tsayar da kowa ba a kan Philippe Couillard na Liberal a Outremont. Duhaime bai samu wannan karamci ba. PQ ta tsayar da ɗan yankin, tsohon ɗan jaridar gidan Radio-Canada, Alex Boissonneault, ya samu kashi 46, Duhaime ya samu 35. CAQ, wadda ta ci mazaɓar da fiye da kashi 50 a 2022, ta tashi da kashi 7. Ku lura da yadda ƙuri'un ƙananan jam'iyyu suka bushe a wannan dare. Mutanen da ba su da alaƙa da PQ sun ba ta ƙuri'a don su tare wa Duhaime hanya. Kuma ina ganin akwai abin dubawa a nan ko ga wanda ba ya ƙaunar siyasar mutumin: jam'iyyar da mutum fiye da dubu 500 suka zaɓa, wadda ta samu fiye da kashi ɗaya bisa uku a wannan mazaɓa, ta wayi gari ba ta da bakin magana a zauren majalisa.

Kafin wani ya tambaya, bari in taɓa kuɗi. Bayan badaƙalar kwangilolin gine-gine da hukumar bincike ta Charbonneau ta tona, Kebek ya rage abin da mutum ɗaya zai iya ba jam'iyya zuwa dala 100 a shekara, da ƙarin 100 a lokacin zaɓe. Kamfanoni kuwa an hana su bayarwa tun 1977. Mafi yawan kuɗin jam'iyyu daga baitulmali yake fitowa, gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu. Wannan ne ya sa jam'iyya mai kujeru uku ta iya tsayawa ƙafa da ƙafa da mai mulki a mazaɓa ɗaya: abin da ake bukata shi ne masu sa kai da za su bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Ba sai na gaya muku yadda zaɓen cike gurbi yake kasancewa a wajenmu ba, inda gwamna da kwamishinoni da jami'an tsaro suke tarewa a ƙaramar hukuma ɗaya. Inda aka sayi sakamako, ba abin da za a karanta a cikinsa sai farashi.

Akwai kuma wanda ke biyan kuɗin wannan gasa ba tare da an tambaye shi ba. Idan jam'iyyu biyu suna neman mutane ɗaya da sunan kare al'umma, kowacce sai ta nuna ta fi 'yar uwarta kishi. A watan Yuni 2019 CAQ ta kafa dokar da ta hana sababbin malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da wasu ma'aikata sanya alamar addini a bakin aiki, PQ ta mara mata baya, Liberal da Québec solidaire suka ƙi. A aikace, matan Musulmi masu ɗaura hijabi da ke son koyarwa su abin ya fi shafa. An yi wannan ne shekara biyu da 'yan watanni bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutum shida a masallacin Sainte-Foy ranar 29 ga Janairu 2017, biyu daga cikinsu 'yan asalin Gini. Tun daga nan jam'iyyun biyu suke rige-rigen wanda zai fi rage yawan baƙin da ake karɓa. Ba na cewa duk mai damuwa da makomar Faransanci maƙiyin baƙo ne. Damuwar tana da tushe, mu da muke kallon yadda ƙananan harsunan ƙasarmu ke ɓacewa mun san haka. Amma ɗalibinmu da ke shirin tafiya Laval ko Montreal ya kamata ya san cewa dokar bizarsa da ta aikin matarsa a irin waɗannan mazaɓu ake dafa su.

Saura kuskuren wanda ya ci. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma 'yan PQ sun ɗauki Jean-Talon a matsayin Larabarsu. Tarihin jam'iyyarsu kansa ya kamata ya sa su yi hattara. A wa'adin farko na Lévesque, daga 1976 zuwa 1981, PQ ta faɗi duk zaɓukan cike gurbin da aka yi, ta kuma faɗi zaɓen raba gardama, kowa ya gama yi mata jana'iza, sai ga ta a watan Afrilu 1981 ta dawo da kujeru 80. A watan Afrilu 2022 kuma ita ce ta rasa Marie-Victorin, gidanta na gado, ga CAQ, aka ce ta mutu, bayan wata goma sha takwas ta ci Jean-Talon. Ƙuri'ar cike gurbi ba ta da tsada ga mai jefa ta. Ya san gwamnati ba za ta faɗi ba, ya san wanda ya zaɓa ba zai yi mulki gobe ba, saboda haka yana iya huce haushinsa hankali kwance.

Shugaban PQ, Paul St-Pierre Plamondon, ya yi alƙawarin kiran zaɓen raba gardama na uku a wa'adinsa na farko idan ya hau, kuma makonni uku bayan Jean-Talon ya fitar da kasafin kuɗin shekarar farko ta Kebek mai 'yanci. A yaba masa, bai ɓoye manufarsa don neman ƙuri'a ba, kuma bayan abin da muka faɗa a kan ramin kogi wannan ba ƙaramin jari ba ne. Sai dai a daidai lokacin da farin jinin jam'iyyarsa ya ninka, goyon bayan ɓallewa bai motsa ba. Ƙuri'un jin ra'ayi sun ci gaba da nuna shi tsakanin kashi ɗaya bisa uku da kashi 40. 'Yar fanshon Sillery da ta shekara talatin tana zaɓen Liberal, da manomin Arthabaska da ya so tare Duhaime, aron ƙuri'a suka ba PQ a ranar da maganar raba ƙasa ba ta kan tebur.

An taɓa gwada abin da ke faruwa idan maganar ta hau tebur. A watan Maris 2014 Firimiya Pauline Marois ta PQ ta kira zaɓe tana gaba a ƙuri'un jin ra'ayi, tana neman cikakken rinjaye. Ranar 9 ga wata ta gabatar da babban kamunta, attajirin kafofin watsa labarai Pierre Karl Péladeau. Ya ɗaga dunƙulallen hannu gaban kyamara ya ce ya shigo siyasa ne don Kebek ya zama ƙasa. Daga ranar Liberal ba su sake yin wata magana ba sai ta raba gardama. Ranar 7 ga Afrilu Liberal ta ci kujeru 70, PQ ta tsira da 30 da kashi 25 na ƙuri'u, Marois kuma ta rasa mulki, ta rasa kujerarta ta Charlevoix a dare ɗaya.